Mista Bin: wai da gaske kashi 15 ne kacal?

Duk inda aka tada hirar barkwancin da muka kalla a talabijin muna yara sai sunan Mista Bin ya fito, kuma tambayoyin da mutane ke yi kusan iri ɗaya ne. Ga amsoshinsu.

Shirin nan kashi nawa ne duka?

15 ne, wallahi 15 kacal, yawancinsu kusan minti 25 ne kowanne. Tashar ITV ta Birtaniya ce ta fara nuna shi ranar 1 ga Janairun 1990, ya ƙare a Disambar 1995, kuma ba sati-sati ake sakinsa ba, wani lokaci sai a yi watanni kafin sabo ya fito. In ka zauna da safe kafin la'asar ka gama shi tas. Mutane da yawa ba sa yarda in an faɗa musu haka, saboda a tunaninsu sun shekara goma suna kallo, kuma gaskiyarsu ne, sun shekara goma ɗin, amma abu ɗaya ake ta maimaita musu a tashoshi da kaset da faifan sidi, kowane kashi kuma yana ɗauke da labarai biyu ko uku, shi ya sa yake kama da mai yawa.

Waye mutumin, kuma haka yake a zahiri?

Sunansa Rowan Atkinson, ɗan Ingila, an haife shi a 1955. Ba wawa ba ne ko kaɗan, injiniyan lantarki ya karanta a Newcastle, ya yi digiri na biyu a Oxford, a can ma ya fara ƙirƙiro wannan hali yana gwadawa a dandamali. Shi da Richard Curtis da Robin Driscoll suka rubuta shirin. Yadda shi kansa yake kwatanta Bin shi ne yaro ƙarami a jikin babban mutum, kuma in ka lura haka ne, son kai irin na yara, rowa irin ta yara, da dabarar da babu mai hankalin da zai yi ta amma kuma sai ka ga ta yi aiki.

Me ya sa ya shiga ranmu haka alhali ba da yarenmu aka yi ba?

To ai ba da yaren kowa aka yi ba. Bin kusan ba ya magana, sai gunaguni can ƙasan maƙoshi da ya faɗi sunansa, sauran duk fuska ce da ido da jiki. Da gangan aka yi hakan, tun 1987 Atkinson ya je bikin barkwanci a Montreal ta Kanada ya nemi a saka shi gaban masu jin Faransanci don ya ga ko za su yi dariya ba tare da sun ji Turanci ba, suka kuwa yi.

Ni a ganina nan ne duk sirrin yake. Sauran shirye-shiryen Turawa in an kunna, 'yan boko ne ke dariya, saura sai an fassara musu, kafin a gama fassarar abin ya huce. Amma in Bin ne, kaka da ba ta taɓa shiga aji ba da yayan da ke jami'a da autan da ko magana bai iya ba lokaci ɗaya suke fashewa, ba wanda ya fi wani ganewa, har sai ka ji tsohuwa na cewa kai wannan bawan Allah Allah ya shirye ka tana share hawaye. In ka tambayi mutane me suke tunawa, rabi shirin ne, rabi kuma falon maƙwabcin da ke da talabijin, yara zube a ƙasa, ana addu'ar kar a ɗauke wuta. Kewar da ake yi ba ta Bin kaɗai ba ce.

Wane wuri aka fi tunawa?

Nan kam sai an yi musu. 'Yan makaranta jarrabawa suke cewa, wadda take a kashin farko: ya zaro takardar tambayoyi daga ambulan ya ga ba ɓangaren lissafin da ya karanta ba ne, ya ƙare lokacinsa kaf yana leƙen na kusa da shi, har hura takardar mutumin yake don ta ɗaga, sai ana saura minti biyu ya gano ashe takardu biyu ne a ambulan ɗin kuma ɗayar ita ce tasa. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin jarrabawa kansa fayau ya san wannan zufar.

Wasu kuma kujerar kushin da ya saya ya ɗaure a saman 'yar motarsa, ya hau ya zauna yana tuƙi daga can da igiya da sandar mofa da bulo. Wasu talotalon Kirsimeti da ya tura kai ciki yana neman agogonsa kan ya maƙale. Mata kuwa ba sa manta budurwarsa Irma, baiwar Allah mai haƙuri, da ta nuna masa zobe a shago, shi kuma ya je ya sayo hoton da ke gefen zoben, ya miƙa mata 'yar ƙaramar akwati tana murna ta buɗe ta tarar da ƙugiyar rataye hoton. Daga ranar ba ta sake fitowa a shirin ba, kuma ban ga laifinta ba.

Motar fa? Da waccan shuɗiyar mai ƙafa uku?

Tasa Mini ce, koriya mai baƙin bonet, da kwaɗo yake kulle ta, wani lokaci ya cire sitiyarin ya tafi da shi. A kashin farko ma mai ruwan lemo ce. Shuɗiyar mai ƙafa uku kamar adaidaita sahu Reliant ce, kullum sai ya ture ta ko ya kifar da ita, kuma har aka gama ba a nuna fuskar direbanta ba. Wurin da ya fi ba ni tausayi a shirin gaba ɗaya shi ne inda tankar yaƙi ta bi ta kan Mini ɗin ta murƙushe ta, ya zo ya tsaya yana kallo kamar zai yi kuka, ƙarshe kwaɗon kawai ya tsira da shi.

Tunda ana so, me ya hana a ci gaba?

Ba rashin masu kallo ba ne, wani kashi na 1992 sama da mutum miliyan 18 suka kalla a Birtaniya kaɗai. Barkwancin da ba magana yana cin dabara sosai, kowane motsi sai an tsara, kuma Atkinson ya sha faɗin cewa wasan na gajiyar da shi. Daga baya an yi finafinai biyu a 1997 da 2007, aka fara na katun a 2002, ya kuma fito a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Duk ba laifi, amma babu wanda ya kamo ƙafar 15 ɗin nan, kuma gara da suka tsaya tun abin bai gundure mu ba.

An ce ya rasu?

Wannan jita-jitar ta sha yawo a Facebook da WhatsApp, har da hoton wani a gadon asibiti, kuma duk lokacin da ta taso ƙarya ce take zama. Dan Allah a daina turawa ba bincike.

Zan iya kunna wa yarana?

Sosai ma, kuma za ka sha mamakin yadda za su bar waya su zauna. Sai dai ka fara dubawa, akwai wuri biyu da ya kamata ka tsallake, na wurin ninƙaya inda wandonsa ya cire, da na otal inda ƙofa ta kulle shi a waje ba kaya a jikinsa. Fara musu da na jarrabawa ko na likitan haƙori, kuma ka zauna tare da su.