Waiwaye: Raunin da Sojoji Ke Dawowa da Shi a Ka

Tun 1955 Sudan ba ta sami dogon hutu daga yaƙi ba. Yaƙin Kudu na farko ya ƙare a 1972, na biyu ya ci daga 1983 zuwa 2005, Darfur ta kama a 2003, an tura dakaru Yaman a 2015, sai kuma wanda ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Gidajen Hausawa daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Damazin ba su tsira daga wannan wuta ba. Wanda ya dawo ba ƙafa, kowa na tausaya masa. Wanda bam ya tashi kusa da shi, ya suma, ya farfaɗo ba ko ɗigon jini, sai a ce Allah Ya kiyaye. Bayan watanni ne ciwon kai, mantuwa, firgita cikin barci da saurin fushi ke bayyana.

Likitoci sun daɗe suna gardama a kan wannan. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Ingila Charles Myers ya rubuta kan sojojin da ƙarar manyan bindigogi ta gigita. Wasu suka ce ƙwaƙwalwa ce ta jijjigu, wasu suka ce ragwanci ne kawai. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa firgicin bayan tashin hankali cikin jerin cututtuka. Yaƙe-yaƙen Iraki da Afganistan kuma suka nuna cewa mutum ɗaya kan ɗauki duka biyun, rauni a ƙwaƙwalwa da firgici a zuciya, kowanne yana ƙara wa ɗaya nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mu a gida muke karɓar irin wannan mutum. Don ƙauna, sai a raba shi da komai. "Zauna Yaya, ka huta," a karɓe masa fartanya, a hana shi kasuwa, a daina neman shawararsa. A 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna cewa yardar mutum da cewa zai iya wani abu tana da tasiri kan ko zai gwada, da ko zai dage. Babu abin da ke gina wannan yarda kamar ƙaramar nasarar da ya ci da hannunsa, sai ganin wani irinsa ya yi. Wanda ya saba guje wa taro da ƙara, tsoronsa ƙaruwa yake. Wanda aka bari ya kai awaki kiwo, ya rubuta saƙon cefane a takarda saboda mantuwa, ya je masallaci da rakiyar ƙaninsa, a hankali yake dawowa.

Sudan na da nata gadon a wannan fanni. Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin masu taɓin hankali na Umdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman addini, domin ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa asibitocin Khartum da likitocinsu, nauyin ya koma kan iyali da malamai. Addu'a da ruƙiyya suna kwantar da hankali, amma idan farfaɗiya ta shigo, ko amai da ciwon kai mai ƙaruwa, ko ya fara maganar kashe kansa, a nemi likita a ranar.