Cottonwood Falls: Garin da Bai Kai Mutum Dubu Ba, Amma Shi Ne Hedikwata

Idan an ambaci Amurka, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne dogayen benaye da cunkoson motoci. Amma ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, kusan kowacce da garin da ke zaman hedikwatarta, kuma da yawa daga cikinsu ƙauyuka ne kawai masu kotu. Cottonwood Falls, hedikwatar gundumar Chase a jihar Kansas, ɗaya ne daga cikinsu.

Wane irin gari ne?

Ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 850 a cikinsa, gundumar baki ɗaya kuma ba ta kai 2,600 ba. Babban titinsa, Broadway, da jan bulo aka shimfiɗa shi. Ya taso daga gaɓar kogin Cottonwood, ya bi tsakanin shaguna 'yan kaɗan, ya ƙare a ƙofar ginin kotu. Mai tafiya a ƙafa zai gama shi kafin shayinsa ya huce.

To me ya sa ƙaramin wuri haka ya zama hedikwata?

Ba yawan jama'a ke ba gari wannan matsayi ba, zaman ofisoshin gunduma ne. A nan alƙali ke zama, a nan ake rajistar filaye da takardun aure, ake biyan harajin gida da gona, ake karɓar lambar mota. Kwamishinoni uku ke tafiyar da gundumar, kuma jama'a ne ke zaɓensu, kamar yadda suke zaɓen ma'aji da magatakarda da shugaban 'yan sandan gunduma. Ya yi kama da sakatariyar ƙaramar hukuma, sai dai a nan kaso mai tsoka na kuɗin da ake kashewa daga harajin dukiyar mazauna yake fitowa. Shi ya sa makiyayi ke iya tare kwamishina a gidan mai ya tambaye shi dalilin da ya sa ba a zuba tsakuwa a hanyar gonarsa ba.

A ƙarni na 19 wannan matsayi abin a mutu ko a yi rai ne. A yammacin Kansas an zub da jini a kansa: garuruwan Leoti da Coronado sun gwabza a 1887, Cimarron da Ingalls a 1889. Ba wauta ba ce ta sa su. Garin da ya samu kotu ya samu lauyoyi da banki da jarida da masauki. Coronado da ya sha kaye, yau babu shi.

Mene ne labarin ginin kotun da ake yawan ɗaukar hotonsa?

An kammala shi a 1873, kuma shi ne ginin kotun gunduma mafi daɗewa da har yanzu ake aiki a cikinsa a Kansas. John G. Haskell ne ya zana shi da salon gine-ginen Faransa, da jan rufi da hasumiya a tsakiya. Farin dutsen da aka gina shi da shi a yankin aka haƙo, matakalar da ke murɗawa zuwa hawa na uku kuma ta katakon itatuwan yankin ce. Wanda ya tsaya a gabansa zai gane cewa waɗanda suka gina shi sun ɗauka birni suke kafawa.

Akwai abin da ba a cika haɗawa da wannan shekara ba. A 1873 ɗin ne aka kwashe ƙabilar Kaw, waɗanda daga sunansu jihar ta samo nata, daga wurin da aka keɓe musu kusa da Council Grove, arewa da nan kaɗan, aka kai su yankin da yau ake kira Oklahoma. Ana ɗora dutse kan dutse a nan, masu ƙasar na asali suna kan hanya.

Da me mutanen suke rayuwa?

Da ciyawa, a taƙaice. Garin yana tsakiyar tuddan Flint Hills, inda ƙasa ba ta da zurfi, dutse ne a ƙarƙashinta. Garma ta kasa shiga, don haka ba a nome wurin ba. Dajin doguwar ciyawa da a da ya mamaye eka kusan miliyan 170 a Arewacin Amurka, abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa a nan yake. Abin da ya hana manoma sakewa shi ya zama arzikin makiyaya.

A ƙarshen Afrilu manyan motoci ke fara sauke 'yan maruƙa daga Texas da Oklahoma da wasu jihohi. Sukan yi wata uku ko fiye suna kiwo, saniya na ƙara kusan kilo guda a rana, sannan a sake loda su zuwa wuraren turka. Da yawa daga cikin masu filayen ba ma a gundumar suke zaune ba. Mutanen gari ne ke kula da shanun, suna zagaya shinge a kan doki ko a motar a-kori-kura, suna ƙirga kai, suna ajiye gishiri.

Gaskiya ne da gangan suke cinna wa daji wuta?

Gaskiya ne, kuma a nan ne halin wurin ya fi fitowa. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu maƙwabta ke haɗuwa, a duba inda iska ta dosa, wani ya ja layin wuta daga bayan ƙaramar mota, wasu su bi da tankin ruwa. Da dare sai ka ga jan zare na wuta ya bi kan tuddai. Bayan mako biyu ƙasar da ta yi baƙi ƙirin ta koma kore shar.

Dalilin shi ne saiwar wannan ciyawa tana nutsewa ƙasa sosai, wuta ba ta kai mata. Abin da wutar ke cinyewa shi ne busasshen kara da 'yan itatuwan da, in an ƙyale su, za su mamaye makiyayar sannu a hankali. Sabon tohon kuma shi ke sa shanu ƙiba. Amma hayaƙin ba ya tsayawa a gida. Yakan kai biranen Wichita da Kansas City har cikin jihar Nebraska, kuma masu ciwon asma a can ba sa ganin kyan abin. Jihar ta fito da tsarin da ke ba makiyaya shawarar ranakun da iska ba za ta kai hayaƙi birane ba, sai dai bin sa ganin dama ne. A ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Yaya zaman jama'a yake?

Kowa ya san kowa, da daɗinsa da wuyarsa. Direba ba ya wuce direba a hanyar ƙauye bai ɗaga yatsa daga kan sitiyari ba. Masu kashe gobara 'yan sa-kai ne. Makarantar sakandare ɗaya ce a duk gundumar, kuma wasan ƙwallonta na daren Juma'a shi ne babban taron mako. Duk farkon Yuni ana gasar hawan dawaki da bijimai marasa horo a Strong City, garin da ke kusa ƙwarai. Shi Strong City layin dogo na kamfanin Santa Fe ya samu a 1871, Cottonwood Falls ya riƙe kotu, har aka taɓa haɗa su da taragon da doki ke ja. Babbar sayayya kuwa sai an tafi Emporia, kimanin kilomita 30 gabas.

Garin yana da makoma kuwa?

A 1900 gundumar tana da mutum sama da 8,000. Injina sun rage buƙatar hannu, matasa na tafiya jami'a ba sa dawowa. Abubuwa biyu ke toshe giɓin. Na farko baƙi: tun 1996 aka kafa gandun Tallgrass Prairie mai eka kusan 11,000 arewa da Strong City, aka mayar da ɓauna cikinsa a 2009, masu zuwa kallo kuma suna kwana, suna cin abinci a Broadway. Na biyu ba ya cikin takardun tallar yawon buɗe ido: gidan yarin gundumar yana karɓar mutanen da hukumar shige da fice ta tarayya ta tsare, gwamnati na biyan kuɗin ajiyarsu. Wannan kuɗi, da albashin ma'aikatan kotu da na makaranta da na masu gyaran hanya, su ne ke shigowa kowane wata, ko farashin shanu ya tashi ko ya faɗi.