Ajiyar bayanan jama'a a kwamfuta da rumbun intanet: me dokar 2023 ta ce?

Akwai wata ƙaramar makarantar kuɗi a unguwarmu. Sunayen ɗalibai, lambobin wayar iyaye, hotunan takardar haihuwa, rasit na shekara shida, duk a kwamfuta ɗaya suke a ofishin sakatare. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar. Na tarar da sakataren ya yi tagumi, ga iyaye a bakin ƙofa suna neman shaidar biyan kuɗi. Kowa ya ce tsautsayi ne. Tsautsayi ne kam, amma doka ba ta tsaya a nan ba.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC. Mutane da yawa sun ɗauka ɓarayin intanet kaɗai dokar take magana a kai. A'a. Sashe na 39 ya wajabta wa duk mai riƙe bayanan mutane ya kare su daga sata da fallasa, har da ɓacewa da lalacewa, kuma ya tanadi hanyar dawo da su cikin lokaci idan na'ura ta lalace. Wato ajiye kwafi na biyu ba ƙyale-ƙyale ba ne. Asibiti, kantin magani, mai POS da ke ɗaukar hoton NIN ɗin kwastoma, duk abin ya shafe su. Wanda dokar ta ɗauke wa nauyi shi ne mai ajiyar bayanai don harkar gidansa kawai.

Shi ya sa da yawa suke ɗora kwafin a rumbun intanet irin na Google Drive ko Microsoft. Dabara ce mai kyau, ni ma ita nake ba mutane shawara. Sai dai a nan ake samun kuskuren fahimta. Don ka miƙa bayanan ga wani kamfani ya adana, amanar ba ta sauka daga wuyanka ba. Dokar ta ce a yi yarjejeniya a rubuce tsakaninka da shi, kuma ka tabbatar yana kiyaye ƙa'idojinta. Yawancin waɗannan rumbuna kuma suna ƙasashen waje, don haka sashe na 41 zuwa 43 ya shigo: ba a fitar da bayanan ɗan Najeriya waje sai inda za su samu kariya isasshiya, ko bisa wani dalili da dokar ta amince da shi, kamar yardar mai bayanan. A 2025 hukumar ta ci kamfanin MultiChoice, mai DStv, tarar sama da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanai waje ba bisa ƙa'ida ba yana cikin laifukan.

Idan abin ya auku, aka sace ko aka fallasa bayanan da za su iya cutar da masu su, awa 72 kake da ita ka sanar da hukumar. In haɗarin babba ne, su mutanen ma sai ka gaya musu.

Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Makarantar unguwarmu yanzu duk Juma'a sakatare na kwafe komai a wata na'ura ta daban mai kalmar sirri, sannan ya gwada buɗe kwafin kafin ya tashi.