Addu'a a Ranar Wahala: Tambayoyin da Masu Bi ke Jin Nauyin Yi

Akwai tambayoyin da ba a cika jinsu a tsakiyar taron sujada ba. Sai an tashi, mutane sun watse, sannan wani ya ja ka gefe, ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, ina da wata 'yar tambaya." Galibi mai tambayar ya daɗe cikin bangaskiya, sai ciwo ko rasuwa ko rashin aiki ya zo ya tare a gidansa ya ƙi tafiya. Ga wasu daga cikin irin tambayoyin nan, da abin da nake gani Littafi Mai Tsarki ya ce a kansu.

Laifi ne in gaya wa Allah cewa raina ya ɓaci?

In da laifi ne, da an cire wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 da muke da su, domin na kuka ne da kai ƙara. Buɗe Zabura 13. A ayoyi biyun farko kawai, sau huɗu Dawuda ya tambayi Ubangiji, "Har yaushe?" Zabura 88 ma ta fi wannan nauyi. Yawancin zaburan kuka sukan juya su ƙare da yabo, ita kuwa ta ƙare ne marubucinta na cewa an raba shi da abokai da ƙaunatattu, duhu ne ya rage masa. Ba a gyara ta ba, ba a ƙara mata aya mai daɗi a ƙarshe ba, haka aka bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah.

Yesu kansa, wajen ƙarfe 3 na rana yana kan gicciye, da farkon Zabura 22 ya ɗaga murya, yana tambayar Allahnsa don me ya yashe shi (Markus 15:34).

Amma akwai bambanci tsakanin kuka da gunaguni. Isra'ilawa a jeji sun yi ta gunaguni a junansu, suna maganar Allah a bayan idonsa kamar yadda ake gulmar wanda ba ya nan. Mai zabura kuwa gaban Allah yake zuwa ya zazzage abin da ke cikinsa. Wanda har yanzu yake cewa "Ya Allahna", ko da cikin fushi ne, bai bar gida ba.

Na yi addu'a, na yi azumi, abin bai canja ba. Bangaskiyata ce ta gaza?

Wannan ce tambayar da ta fi cin mutane a rai, kuma a nan ne wasu masu wa'azi suke ƙara wa mai ciwo ciwo. An ce masa in ya gaskata da gaske zai warke. Bai warke ba. Yanzu kaya biyu ya ɗauka: ciwon, da zargin kansa.

Bari mu dubi waɗanda ba wanda zai ce ba su da bangaskiya. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ne ikonsa yake cika (2 Korintiyawa 12:8-9). Wannan fa mutum ne da aka warkar da marasa lafiya ta hannunsa. A Getsamani, Yesu ya yi addu'a sau uku a kan ƙoƙon nan na shan wuya, in mai yiwuwa ne a ɗauke masa. Ba a ɗauke ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hiridus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ya sa aka kashe shi da takobi. Ya kuma kama Bitrus, ya sa sojoji 16 su riƙa gadinsa. Ikilisiya ta dukufa da addu'a, mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Manzanni biyu, sarki ɗaya, sura ɗaya: an sare ɗaya, an fitar da ɗaya. Luka, marubucin littafin, bai ce Yakubu ya kasa bangaskiya ba, bai ma yi bayani ba.

Ga kuma abin dariyar da ke ciki. Da Bitrus ya iso gidan da ake addu'ar yana ƙwanƙwasa ƙofa, baiwar nan Roda ta gane muryarsa, murna ta hana ta buɗewa, ta ruga ciki da labari. Masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Wato waɗanda aka amsa wa addu'a ba su ma sa ran amsar ba. In da ma'aunin bangaskiyar mai roƙo ne kaɗai ke buɗe ƙofar kurkuku, da Bitrus ya kwana a ciki.

Ibraniyawa 11 ma haka ta jera su. A aya 34 akwai waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya. A aya 37 akwai waɗanda aka kashe da takobi. Dukansu an yaba musu saboda bangaskiya ɗaya.

To in haka ne, mene ne dogara ga Allah?

Amsar da ta fi gamsar da ni daga bakin samari uku ta fito, Shadrak, Meshak da Abednego, suna tsaye gaban Sarki Nebukadnezzar, tanderun wuta na ci a kusa da su. Suka ce Allahn da suke bauta wa yana da ikon cetonsu. Sannan suka ƙara da cewa, ko da bai cece su ba, sarki ya sani ba za su yi wa gunkinsa sujada ba (Daniyel 3:17-18).

Wannan "ko da bai" ɗin shi ne ƙashin bayan maganar. Da yawa daga cikinmu, ni ma a ciki, ciniki muke yi da Allah ba mu sani ba: na yi azumi kwana kaza, ina ba da baiko, ban taɓa fashin sujada ba, saboda haka yanzu bashi nake bi. Ranar da ba a biya ba, sai cinikin ya watse, mu ce bangaskiya ce ta watse. Samarin nan kuwa sun riƙe abu biyu a hannu ɗaya. Sun tabbata yana iyawa, kuma ba su ɗaure shi da sharaɗi ba. Lokacin da suke wannan magana ba su san yadda labarin zai ƙare ba. Mu ne muka sani, domin mun karanta har ƙarshen surar.

Ko wannan wahala hukunci ne saboda wani zunubi da na yi?

Wani lokaci mutum yana girbin abin da ya shuka ne, wannan ba a musunsa, kuma yakan san da haka ba sai an gaya masa ba. Amma cewa kowace wahala hukunci ce, wannan koyarwar abokan Ayuba ce, kuma Allah da kansa ya ƙi ta. Elifaz, Bildad da Zofar sun kwashe surori suna matsa wa mutumin da ya binne 'ya'ya goma a kan ya tono laifin da ya ɓoye. A ƙarshe Ubangiji ya ce ya husata da su, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi (Ayuba 42:7). Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, shi aka ce ya faɗi daidai.

Almajirai sun yi irin wannan lissafi da suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:3). Game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa kuwa, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: daga sura 38 Allah ya yi wa Ayuba doguwar magana, amma bai taɓa gaya masa dalilin abin da ya same shi ba.

Bakina ya mutu. In na durƙusa ba abin da ke fitowa. Yaya zan yi?

Ka ci gaba da durƙusawar. Hannatu a Shilo, cikin baƙin cikin rashin haihuwa da gorin kishiyarta Feninna, leɓunanta ne kawai ke motsi, ba a jin murya, har Eli firist ya ɗauka ta bugu ne ya tsawata mata. Wanda aikinsa ke nan bai gane addu'a ba ce, amma an ji ta. Bulus ya ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki (Romawa 8:26).

In kalmominka sun ƙare, ari na wasu. Karanta zabura ɗaya da murya, a hankali. Yi Addu'ar Ubangiji, ko da a layi ɗaya za ka tsaya. Yesu ya riga ya ce ba yawan magana ke sa a ji mutum ba.

Sannan ka duba jikinka. Annabi Iliya, bayan karawarsa da annabawan gunkin Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya zauna a gindin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci, ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Maganar Allah ta zo ne daga baya, a Dutsen Horeb. Wani abin da muke kira sanyin ruhaniya gajiya ce da rashin barci.

In na rera waƙar yabo alhali zuciyata ba ta ciki, ba munafunci ba ne?

Munafunci shi ne ka nuna wa mutane abin da ba kai ba don su yabe ka. Wanda ya ja ƙafa ya zo sujada da zuciya mai nauyi, ya buɗe baki da ƙyar, ba wanda yake ruɗi.

Ka tuna Bulus da Sila a Filibi. An tuɓe su, an yi musu dūka da sanduna, an jefa su can cikin kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Wajen tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran fursunoni na kasa kunne. Ban yi tsammanin daɗi suke ji ba, bayansu duk rauni ne da ba a ko wanke ba sai daga baya. Kuma waƙar ta riga girgizar ƙasar da ta buɗe ƙofofin kurkukun, ba wanda ya yi musu alkawarin ƙofa za ta buɗe. Habakkuk ma ya lissafa ɓaure da bai yi toho ba, gonaki ba amfani, garke ba dabba, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji.

In ma ba za ka iya rerawa ba, zauna a cikin masu rerawa. Yau su ɗauke ka, wata rana kai za ka ɗauki wani.

Zuwa asibiti ko neman hakkina a kotu rashin dogara ne?

A'a. Luka da ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne. Da Sarki Hezekiya ya yi ciwo, an ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Bulus ɗin nan da ya yi waƙa da tsakar dare, da gari ya waye ya ƙi fita a ɓoye, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne da aka doka ba shari'a, mahukunta su zo da kansu su fitar da shi.

Me zan ce wa ɗan'uwan da ke cikin wahala?

Kaɗan. A nan ni ma na taɓa yin kuskure. Wata 'yar'uwa ta rasa ɗanta, na je gaisuwa, ban ko gama zama ba na jawo mata Romawa 8:28, cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Na sani," ta mai da kanta ƙasa tana murza bakin mayafinta. Ayar gaskiya ce. Ni ne na kawo ta a ranar da ba tata ba, kuma in na faɗi gaskiya, shirun ne ya dame ni, nake neman abin cike shi.

Abokan Ayuba sun yi abu ɗaya mai kyau: sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Yesu a bakin kabarin Li'azaru ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci, duk da haka ya yi hawaye tare da masu kuka. Je ka zauna. Ɗauke masa wani aiki. Wasiƙar Yakubu ta ce in ka ga ɗan'uwa ba sutura ba abinci ka sallame shi da fatan alheri kawai, ba ka yi kome ba. Kuma ka koma bayan wata biyu, lokacin da masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa.

In shakka ta kama ni har ina tambaya ko duk abin nan gaskiya ne fa?

Kai tambayar wurin da ya dace. Yahaya Mai Baftisma shi ne ya nuna Yesu a bakin Urdun ya ce ga Ɗan Ragon Allah. Da ya daɗe a kurkukun Hiridus, sai ya aiki almajiransa su tambaya: kai ne mai zuwan, ko mu sa ido ga wani? Yesu bai tsawata masa ba. Ya ce su koma su gaya masa abin da suke ji suke gani: makafi na gani, guragu na tafiya, ana yi wa matalauta bishara. Da 'yan aiken suka juya, ya fuskanci taron ya ce a cikin duk waɗanda mata suka haifa ba a taɓa yin wanda ya fi Yahaya ba (Matiyu 11:11). Ya faɗi haka ne game da mutumin da tambayarsa ba ta ko huce ba, wanda kuma bai fito daga kurkukun nan da rai ba.