Waiwaye: Abin da Tsibirai Suka Koya wa Masu Binciken Halittu

Babban abin da ya ja masu bincike zuwa tsibirai tun farko shi ne iyakarsu a fili take. A kan babbar nahiya, daji yana shiga cikin daji, dabbobi suna kai da komo, kuma da wuya mutum ya ce ga inda wani nau'i ya fara ko inda ya ƙare. Tsibiri kuwa ruwa ya kewaye shi, ana iya ƙidaya abin da ke cikinsa, a kuma yi tambaya a kan kowane tsiro da kowace dabba: daga ina ta zo, ta yaya ta haye teku, me ya same ta bayan ta sauka. Kusan shekara ɗari biyu ke nan ana bin waɗannan tambayoyi, kuma amsoshin sun wuce tsibiran da aka yi su a kai.

A watan Satumba na 1835 jirgin ruwan Birtaniya mai suna Beagle ya isa tsibiran Galapagos, kusan kilomita 1,000 yamma da gaɓar Ekwado, ɗauke da Charles Darwin yana ɗan shekara 26. Mako biyar kacal ya yi a wurin, ya taka tsibirai huɗu. Wani jami'i mazaunin wurin, Nicholas Lawson, ya shaida masa cewa idan aka nuna masa ƙoƙon bayan kunkuru zai iya faɗin tsibirin da ya fito, amma Darwin bai ba maganar muhimmanci ba a lokacin, har ma bai rubuta sunan tsibiri a jikin ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba da ya tara ba. Sai a 1837, a Landan, masanin tsuntsaye John Gould ya nuna masa cewa waɗannan tsuntsaye masu baki iri-iri duk dangi ɗaya ne na kusa. Daga nan ne tunanin da ya bayyana a littafinsa na 1859 ya fara kafuwa, wato cewa halittun da suka rabu da danginsu suna sauya siffa sannu a hankali bisa yanayin inda suka tsinci kansu.

Alfred Russel Wallace ya fi shi daɗewa a fagen aiki nesa ba kusa ba. Daga 1854 zuwa 1862 ya zaga tsibiran da mafi yawansu ke cikin Indunusiya a yau, ya tara samfuri kimanin 125,000 na ƙwari da tsuntsaye da sauran dabbobi. A 1856 ya haye mashigin ruwan da ya raba Bali da Lombok, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 35 ba, ya tarar kamar ya shiga wata duniya: ya baro tsuntsayen Asiya irin su maƙwaƙwafi, ya iske aku mai tukku irin na Ostireliya. Bayanin da aka tabbatar daga baya shi ne mashigin yana da zurfi ƙwarai, ta yadda ko a zamanin ƙanƙara, lokacin da teku ta ja da baya da fiye da mita 100 har Bali ta haɗe da Asiya, ruwan wannan wuri bai ƙafe ba. Har yau ana kiran wannan iyaka da sunan Wallace. Ya kamata a ambaci Ali, matashin Malay daga Sarawak wanda ya yi shekaru yana tare da shi, ya kuma harbo masa da yawa daga cikin tsuntsayen da suka ɗaukaka sunansa, domin aikin irinsu Ali ne aka daɗe ana rubutawa da sunan wasu.

Waɗannan magabata sun ga sakamako ne, ba su ga yadda abin yake faruwa ba. Damar ganin farkon lamari ta zo ne ta hanyar bala'i. A watan Agusta na 1883 dutsen Krakatau da ke tsakanin Java da Sumatra ya yi aman wuta, ya hallaka mutane fiye da 36,000, akasarinsu ta dalilin igiyar ruwa, ya kuma binne ragowar tsibirin da toka mai zafi. Wata tawagar Faransawa da ta sauka a wurin bayan wata tara ba ta ga mai rai ba sai ɗan ƙaramin gizo-gizo guda ɗaya. A 1886 masanin tsirrai Melchior Treub ya tarar da tsirrai marasa fure, waɗanda iska ke kwasar irinsu kamar ƙura, sun fara kama ƙasa, kuma kafin shekara hamsin kurmi ya rufe wurin. Sai dai an yi ta jayayya a kan ko wutar ta kashe komai da komai, ko kuwa wasu saiwoyi da iri sun tsira a ƙarƙashin toka. Wannan shakka ba ta taso ba a Surtsey, tsibirin da ya ɓullo daga ƙarƙashin teku a kudancin Aisilan a watan Nuwamba na 1963, tunda babu abin da ya taɓa rayuwa a kansa. An killace shi tun 1965, babu mai shiga sai masu bincike da izini, kuma a wannan shekarar aka ga tsiro mai jijiya na farko a bakin ruwa. Ci gaban ya yi ta jan ƙafa har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tsuntsayen teku suka kafa sheƙuna da yawa, kashinsu ya zama taki, suka kuma riƙa shigo da iri, sai ciyayi suka bunƙasa.

A 1967 Robert MacArthur da Edward O. Wilson suka fitar da littafin da ya ɗinke waɗannan bayanai cikin ƙa'ida ɗaya. A ganinsu, yawan nau'o'in halittu a tsibiri daidaito ne tsakanin masu shigowa da masu ƙarewa. Tsibirin da ke kusa da nahiya yana samun baƙi da yawa, babban tsibiri kuma ba ya saurin rasa waɗanda ke cikinsa, saboda haka ƙarami mai nisa shi ne zai fi kowa talauci. Dama an lura cewa idan faɗin tsibiri ya ninka sau goma, yawan nau'o'in da ke cikinsa kan ninka kusan sau biyu. Wilson da ɗalibinsa Daniel Simberloff suka jarraba ƙa'idar a kudancin Florida: suka lulluɓe wasu 'yan tsibirai na itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri da tanti, suka busa musu iskar guba har ƙwarin suka mutu, sannan suka zauna ƙidaya. Cikin shekara guda yawancin tsibiran sun koma kusa da adadinsu na da, ko da yake ba lalle nau'o'in da suka tafi ne suka dawo ba.

A nan ne, a ganina, binciken tsibirai ya fi yin tasiri, domin an gane cewa ba ruwa kaɗai ke yin tsibiri ba. Kan dutse mai sanyi a tsakiyar ƙasa mai zafi tsibiri ne, haka tafki, haka guntun kurmin da gonaki suka kewaye. A 1979 Thomas Lovejoy da abokan aikinsa na Barazil suka fara bin diddigin guntayen kurmin Amazon masu faɗin hekta 1 da 10 da 100 a arewacin Manaus, kuma sun ga yadda ƙanana suke zubar da tsuntsayensu, yadda iska da zafin rana suke kashe manyan itatuwa daga gefe zuwa ciki. Duk wanda ke tsara gandun daji a yau, yana muhawara kan girmansa ko kan barin hanyar da dabbobi za su bi tsakanin gandu da gandu, da ilmin tsibirai yake aiki.

A Galapagos ɗin kuma, Peter da Rosemary Grant sun shafe shekara arba'in daga 1973 suna auna bakin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya a ɗan tsibirin Daphne Major. Farin 1977 ya kashe fiye da kashi 80 cikin 100 na wani nau'i, waɗanda suka tsira kuwa masu kaurin baki ne da ke iya fasa tsaba mai tauri, kuma 'ya'yansu suka gaje su.

Akwai ɓangaren tarihin da bai kamata a tsallake ba. Kallon tsibiri a matsayin ɗakin gwaji ya sa an sha mantawa cewa gidan mutane ne. Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya sau 67 a Bikini da Enewetak na tsibiran Marshall. An kwashe mutanen Bikini 167 a 1946, kuma har yau al'ummarsu ba ta koma zama na dindindin ba. Gwajin ranar 1 ga Maris na 1954 ya zubar da toka mai guba a kan mutanen Rongelap, waɗanda aka yi shekaru ana nazarin jikinsu. A wannan Enewetak ɗin ne aka haƙa rami a 1952, aka ratsa fiye da mita 1,200 na murjani kafin a taɓo dutsen aman wuta, abin da ya gaskata hasashen Darwin na 1842 cewa tsibiran murjani masu siffar zobe suna tsaye ne a kan duwatsun da suka nutse. Ilmin sahihi ne, amma waɗanda suka biya kuɗinsa da ƙasarsu da lafiyarsu ba a nemi yardarsu ta gaskiya ba.

Daga shekarun 1980 aikin ya karkata daga kallo zuwa ceto. Mafi yawan tsuntsayen da suka ƙare a duniya tun 1500 mazauna tsibirai ne, irin su tsuntsun da ake kira dodo na tsibirin Morishus wanda ya ɓace ƙasa da shekara ɗari bayan saukar 'yan Holan a 1598, kuma sanadin ya fi yawa daga ɓeraye da kyanwoyi da awaki da aladu da jiragen ruwa suka kawo. A Guam, Julie Savidge ta tabbatar cewa wani macijin bishiya da ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya cinye kusan duk tsuntsayen kurmin tsibirin. Iyakar da ta sa halittun tsibiri ba su da wurin gudu ita ce kuma ta sa ake iya kawar da mahara baki ɗaya. A tsibirin South Georgia da ke kudancin tekun Atlantika jirage masu saukar ungulu sun watsa fiye da tan 300 na abinci mai guba tsakanin 2011 da 2015, kuma a 2018 aka sanar babu sauran ɓera.

Barazanar da ta fi girma yanzu, wato ɗumamar yanayi da ke sa teku cika, ba a iya kashe ta da guba, kuma a kan tsibiri aka fara auna ta. A 1958 Charles David Keeling ya soma auna iskar kabon dayoksaid a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, inda iska take da tsabta, ya sami kimanin 315 cikin miliyan. Yau adadin ya haura 420. Teku ta ƙaru da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. A Tuvalu, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik inda babu tudun da ya kai mita 5, Paul Kench na Jami'ar Auckland da abokansa sun kwatanta hotunan sama na tsibirai 101 daga 1971 zuwa 2014, suka gano cewa faɗin ƙasar ya ƙaru da kashi 2.9 cikin 100, saboda igiyar ruwa tana tara yashi da ɓarɓashin murjani. Gwamnatin Tuvalu ta ƙi amincewa a ɗauki wannan a matsayin albishir, tana mai cewa tarin tsakuwa ba ƙasar zama ba ce, alhali ruwan gishiri yana shiga rijiyoyi da gonaki. A watan Nuwamba na 2023 ta sa hannu a yarjejeniya da Ostireliya wadda ta ba mutum 280 daga cikin al'ummarta ta kimanin 11,000 damar ƙaura can a kowace shekara.