Sabon magani da izinin gaggawa: magana ga masu sikila da iyayensu

A asibitocin Jos akwai tambayar da iyayen yara masu sikila ba sa gajiya da yi mana: an ce an fito da sabon magani a Amurka, me ya hana shi zuwa nan? Duk wanda ya taɓa kwana a zaune yana danna wa ɗansa ƙafa, yaron na kuka saboda ciwon ƙashi, ba zai ga laifin mai wannan tambaya ba. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara.

Kafin hukuma ta ba magani izini, ana gwada shi hawa-hawa: kan mutane kaɗan, sannan ɗaruruwa, wani lokaci har dubbai, ana kwatanta su da waɗanda ba su sha ba. Aikin kan ci shekara goma ko fiye, mai ciwon da ke kisa kuwa ba shi da shekara goma. Masu cutar ƙanjamau ne suka tayar da wannan magana da ƙarfi. A Oktoban 1988 suka yi dafifi a ƙofar hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka, suna cewa ana binne su alhali magani na jiran sa hannu. A 1992 hukumar ta fito da tsarin izinin gaggawa, majalisar ƙasar ta sa shi cikin doka a 1997, ta faɗaɗa shi a 2012.

Ga abin da nake so a gane sosai. A wannan tsari ba a jira a ga cewa maganin ya tsawaita rai ko ya rage ciwo. Ana duba wata alama ce a jini ko a hoton asibiti wadda ake kyautata zaton tana nuna sauƙi na tafe. Sai a ba da izini da sharaɗin kamfani ya ci gaba da gwaji har a tabbatar. A kan ƙanjamau abin ya yi kyau ƙwarai: an ga ƙwayar cutar na raguwa a jini, daga baya kuma aka ga mutane sun daina mutuwa. Masu karɓar maganin ƙanjamau a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) yau suna cin moriyar waccan gwagwarmaya.

Amma alama ba ita ce lafiya ba. A Nuwamban 2019 aka ba maganin sikila mai suna voxelotor irin wannan izini, saboda yana ƙara yawan jini a awo. Mutane sun yi murna, mu ma mun yi. A Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga duk duniya, bayan bayanan gwaji sun nuna tashin ciwo da mutuwa sun fi yawa a cikin masu shan sa. Awon jini ya yi kyau, majinyaci bai tsira ba. Tun a ƙarshen 2022 majalisar Amurka ta riga ta ƙara wa FDA ikon tilasta a fara gwajin tabbatarwa kafin izini, da ikon janye magani da sauri.

Ni ina goyon bayan a rage jira, kuma mu ma muna yi a nan. A Afrilun 2023 NAFDAC ta amince da rigakafin maleriya na R21 tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararta a Oktoba, aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Sai dai mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, kuma mun ga yadda rashin yardar da ya bari ya shafi rigakafin shan inna bayan shekaru. Don haka duk dokar da 'yan majalisarmu a Abuja za su yi kan gaggauta izini, dole ta zo da bibiya bayan izini, da bayani ga majinyaci cikin harshen da yake ji, da hanyar janyewa ba tare da jan ƙafa ba.

Idan likita ya rubuta muku sabon magani, ku tambaye shi: an tabbatar yana rage ciwo ne, ko awo kawai yake gyarawa? Wace illa zan sa wa ido? Ku duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalin. Wanda wani ya shigo da shi a jaka, ko ake tallarsa a WhatsApp da sunan "sabo daga waje", bai bi ta kowane izini ba, na gaggawa ko na al'ada. In kun ga wani abu ya sauya bayan fara sha, ko ƙurji ne, ku faɗa wa mai ba da magani ya cike takardar rahoton illa, ko ku aika ta manhajar Med Safety ta NAFDAC. Da irin waɗannan rahotanni ake gano matsala da wuri.

Kuma kada jiran sabo ya sa a bar wanda aka riga aka tabbatar. Hydroxyurea ya daɗe a hannu, an gwada shi a kan yaran Afirka, yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, amma yara da yawa da suka cancanta ba sa shan sa. Ranar da za ku koma asibiti, ku tambayi likita ko ɗanku ya dace da shi, da kuma awon jinin da ake yi lokaci-lokaci ga mai shan sa.