Tsohon Zinder ba Birni kaɗai ba ne

Baƙo in ya zo Damagaram, sai a kai shi fadar Sarki, ya ga duwatsun Birni da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, a ce masa ya gama ganin tsohon gari. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna.

Zango fa? Mutane na ɗaukarsa unguwar 'yan kasuwa kawai. Alhali nan ne ayarin raƙuman Buzaye ke sauka da gishiri daga Agadas, kafin su nufi Kano. Ka shiga lungunansa da hantsi, ka ɗaga kai: zanen da magina suka yi a fuskar soraye, da zankwaye bisa katanga, dukiyar fatauci ce ta biya su, tun kafin a mayar da babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926.